An buɗe saƙonmu kafin ya iso hannunmu, shin doka ta yarda da haka?

Maman Hafsat, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Ina roƙon masana doka su fahimtar da ni. Ƙanena da ke karatu a Ingila ya aiko wa mahaifiyarmu kwali ta wani kamfanin aika saƙo, a ciki akwai rigunan sanyi biyu, da na'urar awon jini, da wasiƙa. Da na je karɓa a nan Jos, sai na tarar an yanka kwalin an sake liƙe shi da salatef, babu hatimi, babu takardar da ke nuna wanda ya buɗe. Kaya dai duk suna nan, amma har ambulan ɗin an yage bakinsa, alhali maganar cikin gida ce ƙanena ya rubuto. Abin ya sosa wa mahaifiyarmu rai matuƙa. Wa ke da ikon yin haka?

Barista Sani:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, kuma ya ambaci gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya ƙarara. Sai dai sashe na 45 ya ba da damar taƙaita wannan haƙƙi ta hanyar doka, saboda tsaro ko zaman lafiya ko lafiyar jama'a. Shi ya sa jami'an Kwastam ke da hurumin duba duk kayan da suka shigo daga waje, su gwada su da abin da mai aikowa ya bayyana a takardar bayanin kayan da ke cikin saƙon, kamar yadda jami'an NDLEA ke binciken saƙonni don kama miyagun ƙwayoyi. Saboda haka buɗe kwalin kansa ba lallai ne ya zama laifi ba.

Inda ni ma abin ya dame ni shi ne wasiƙar. Jami'i na iya leƙa ambulan don ya tabbatar ba a ɓoye wani abu a ciki ba, amma a fahimtata wannan bai ba shi izinin karanta sirrin iyali ba. Ma'aikacin kamfani kuwa ba jami'in gwamnati ba ne, ba shi da irin hurumin da doka ta ba jami'an Kwastam.

Malam Iliya, Titin Bauchi:
Na yi shekaru ina aikin karɓar saƙo. Abin da aka koya mana shi ne, mai aikawa ne ke buɗe kayansa a gabanmu mu gani, sannan a rufe yana tsaye. Da zarar an liƙe, hannunmu ya fita.

Barista Sani:
Haka ya kamata, Malam. Hajiya, ki ɗauki hoton kwalin da ambulan ɗin, ki adana rasit da lambar saƙon, sannan ki rubuta wa kamfanin su bayyana miki a rubuce wace hukuma ce ta buɗe, kuma a ina. Idan suka yi shiru, ki kai ƙorafi NIPOST, wato hukumar gidan waya ta ƙasa, domin ita ke ba su lasisi. Sashe na 46 kuma ya ba ki damar zuwa Babbar Kotu a nan jihar Filato.

Maman Hafsat:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kwalin yana nan ban jefar ba, gobe in sha Allahu zan kai musu takardar.