Zaɓi na biyar ya faɗo hannuna, mai gudu zan ɗauka ko ƙaton layi?

Autan Zaure: Assalamu alaikum manyanmu. Don Allah shawara nake nema, a gasar Madden (gem ɗin ƙwallon Amurka na NFL) ɗin da muke bugawa da abokaina mu takwas na ƙare kakar bara a ƙasa sosai, to yanzu zaɓi na biyar ne a hannuna a diraf (zaɓen sababbin 'yan wasa bi da bi, zagaye-zagaye). Ina da kwatabak (mai jefa ƙwallo) yaro mai kyau amma kullum a ƙasa yake wuni, layin ƙartin da ke kare shi ruɓaɓɓe ne. Akwai wani ranin bak (mai gudu da ƙwallo) da kowa ke ta zuzutawa, akwai kuma takul na hagu (na bakin layi) da gad (na cikin layi) guda ɗaya masu kyau. Zuciyata na kan mai gudun nan wlh, shi ne zai riƙa ci min tacdawun (kai ƙwallo gidan abokan hamayya). Me kuka gani?

Oga Admin: Wa alaikumus salam Auta. Kai da bakinka ka ce kwatabak ɗinka a ƙasa yake wuni, ai ka ba kanka amsa. Ɗauki takul.

Ɗan Giants: Auta ni ka tambaya, don ni aka yi wa wannan aikin a gaske ba a gem ba. 2018 muna da zaɓi na biyu muka ɗauki Saquon Barkley daga Penn State, Quenton Nelson yana nan zaune sai a na shida Colts suka ɗauke shi, Josh Allen na bakwai, Lamar Jackson har na 32. Kuma kar ka ce yaron bai yi ba, ya yi iya yinsa, shekararsa ta farko yadi 1,307 a guje ya kama ƙwallo 91, kallonsa kaɗai abin biya ne. Amma me muka samu? Shekara shida yana tare da mu sau ɗaya tak muka leƙa wasannin filewof (na fitar da gwani bayan kaka), a 2020 jijiyar gwiwarsa ta tsinke a mako na biyu, ya dawo ya ci gaba da karo da mutane tun kafin ya kai layi saboda babu mai buɗa masa hanya. Ƙarshe muka bar shi ya tafi gidan maƙiya a banza.

Hajiyar Eagles: Mun gode da kyauta Ɗan Giants, Allah ya ƙara arziki hhh

Ɗan Giants: Hajiya ki bar ni da abin da ke damuna

Hajiyar Eagles: To tsakani da Allah Auta, labarin Saquon shi ne darasin gaba ɗaya. 2023 a Giants yadi 962 ya yi. 2024 ya zo wurinmu, mutumin dai shi ne, ƙafafun dai su ne, ya ma ƙara shekara, ya yi 2,005. Abin da ya canza ƙartin da ke gabansa ne. Lane Johnson a dama wanda muka ɗauka na huɗu tun 2013, Landon Dickerson da Cam Jurgens duk zagaye na biyu, sai Jordan Mailata a hagu, ɗan Ostireliya mai buga rugby da bai taɓa buga wannan ƙwallon ba muka ɗauko shi a zagaye na bakwai, a diraf ɗin 2018 ɗin nan dai da aka ɗauki Saquon na biyu, koci Jeff Stoutland ya zauna ya ƙera shi. Ka nemo bidiyon dogayen gudunsa na shekarar amma kar ka kalle shi shi, ka sa ido kan masu manyan lambobi, sau da yawa zai yi yadi huɗu biyar babu wanda ya ko shafa rigarsa. Mu sai da muka gama gina layi muka sayo mai gudu, kuma da kuɗin da bai kai dala miliyan 13 a shekara ba.

Baban Khalifa: Ku yi haƙuri ban yarda da ku gaba ɗaya ba. Yaran yanzu kun ɗauki wata aƙida cewa ranin bak ba shi da daraja, kowa ya kama faɗa. Ku je 1989. Packers suka ɗauki takul Tony Mandarich a na biyu, ƙato ne na gaske kowa ya ce ba a taɓa ganin irinsa ba, Lions suka ɗauki Barry Sanders a na uku. Yau wa ake tunawa? Ku zo 2007, Browns suka ɗauki Joe Thomas na uku, takul ne da babu kamarsa a zamaninsa, ya buga yunƙuri (kowace tayar da ƙwallo) sama da 10,000 a jere bai fita ko sau ɗaya ba, amma har ya yi ritaya bai taɓa buga filewof ba. Adrian Peterson da aka ɗauka na bakwai a shekarar shi ya ɗauki Vikings a kafaɗa a 2012, yadi 2,097 ya ci MVP (gwarzon ɗan wasan kaka). Kuma tunda zaɓi na biyar ake magana, LaDainian Tomlinson ma na biyar ne a 2001, tacdawun 31 a kaka ɗaya. In Allah ya kawo maka irin wannan ba ka tsayawa lissafi.

Autan Zaure: Yawwa Baba ku faɗa musu!

Oga Admin: Baba da girmanku, na biyar ɗin nan fa akwai wani. 1999 koci Mike Ditka ya kwashe duk zaɓukan Saints na shekarar, ya ƙara da na zagayen farko da na uku na shekara mai zuwa, ya miƙa wa Washington don ya hau na biyar ya ɗauki Ricky Williams. Kakar ta ƙare da nasara uku, aka sallame shi.

Baban Khalifa: Wannan ai hauka ne ba diraf ba, ban ce Auta ya sayar da gidansu ba

Mai Lissafi: Bari in shigo ta ɓangaren kuɗi don nan ne maganar take, ba wai masu gudu ba su iya ba ne. Tun yarjejeniyar 2011 albashin sabon ɗan wasa a ƙayyade yake, lambar da aka ɗauke ka ita ke yanke kuɗinka ba gurbin da kake bugawa ba, shekara huɗu da zaɓin ƙarin ta biyar ga 'yan zagayen farko. To na biyar kuɗinsa ɗaya ne ko takul ne ko ranin bak. In takul ne ka samu mutumin da a kasuwa sai ka biya ninki biyu ko uku, Penei Sewell da Lions suka ɗauka na bakwai a 2021 da aka zo sabunta masa dala miliyan 112 aka ba shi na shekara huɗu, ka ga shekarun farkon nan garaɓasa suka ci. In ranin bak ne, ranar da ya sa hannu ya riga ya shiga sahun masu tsadar gurbinsa, Saquon kwantiragin miliyan 31 ya sa wa hannu tun bai taka fili ba, babu wani rangwame da ka samu. A 2023 kuɗin tag (riƙe ɗan wasa na shekara ɗaya) na ranin bak miliyan 10 da 'yan kai ne, na ɗan layi sama da miliyan 18. Kuma akwai silin ɗin albashi, wato iyakar abin da ƙungiya za ta kashe, duk dalar da ka zuba a nan ka hana wani wuri.

Sai kwantiragi na biyu, nan ne ake kuka. Rams suka ba Todd Gurley maƙudan kuɗi a 2018, gwiwa ta fara ciwo, Maris 2020 suka sake shi yana ɗan shekara 25. Cowboys suka ba Ezekiel Elliott miliyan 90 na shekara shida a 2019, 2023 suka sallame shi. Mutumin da ake bugewa sau ashirin ashirin da biyar duk Lahadi ba ya daɗewa. Amma Trent Williams da aka ɗauka na huɗu a 2010 ya wuce 35 ana lissafa shi cikin waɗanda suka fi kowa.

Na-Columbus: Sannunku, yanzu na taso daga aiki nake bin saƙonnin. Abin da zan ƙara kan na Mai Lissafi shi ne masu gudu a ko'ina ake tsintarsu. Ku duba diraf ɗin 2017 kawai, Jaguars suka ɗauki Leonard Fournette na huɗu, a zagaye na uku Alvin Kamara da Kareem Hunt suka fita, Hunt ɗin ma shi ya fi kowa yadi a shekarar, Aaron Jones zagaye na biyar. Derrick Henry zagaye na biyu, Nick Chubb da Jonathan Taylor haka. Chiefs sun kashe zagayen farko kan Clyde Edwards-Helaire a 2020, bayan shekara biyu yaron zagaye na bakwai Isiah Pacheco ya ƙwace masa gurbi suka ci Super Bowl (wasan ƙarshe na ɗaukar kofi) biyu da shi. Hatta namu Christian Okoye ɗan Enugu da ya fi kowa yadi a 1989 zagaye na biyu ne. Amma mutum mai kilo 140 da dogayen hannuwa da ƙafa mai sauri wanda zai iya ja da baya yana tare mai farautar kwatabak irin Myles Garrett shi kaɗai, irinsu ba su da yawa a duniya, shi ya sa ake wawashe su da wuri. Mailata tsintuwa ce, kar ka gina shiri a kanta.

Baban Khalifa: To ku yi min bayanin Lions da Jahmyr Gibbs. An zage su tas da suka ɗauke shi na 12 a 2023, ga shi 2024 tacdawun 20, ƙungiya ta ci wasa 15.

Hajiyar Eagles: Baba ai hujjarmu kuka kawo. Taylor Decker zagayen farko 2016, Frank Ragnow zagayen farko 2018, Sewell 2021, sai da suka jera waɗannan kafin Gibbs ya zo. Auta kuwa sabuwar mota yake so ya sayo alhali titin unguwarsu duk ramuka ne.

Autan Zaure: Kai Hajiya, to na ji. Amma takul ko gad? Gad ɗin ya fi maki a rahoton masu leƙe

Oga Admin: Takul. Shi ke tsare bayan kwatabak inda ba ya gani, kuma shi kaɗai ake bari da mafi hatsarin masu farauta, gad yana da senta (na tsakiyar layi) a gefe ɗaya takul a ɗaya suna taya shi. In takul ya gaza sau da yawa ana matsar da shi ciki ya zama gad, amma gad ba kasafai yake iya fita waje ba. Gad da senta ka jira su a rana ta biyu da ta uku, Chiefs sun samu Creed Humphrey a zagaye na biyu da Trey Smith a na shida a 2021, Jason Kelce ma na shida ne.

Na-Columbus: Kuma ka san dalilin da ya sa Chiefs suka yi wannan sayayyar? Fabrairun 2021 suka shiga Super Bowl babu takul ɗinsu duka biyu, Eric Fisher da Mitchell Schwartz suna jinya, kwatabak ɗinsu Mahomes ya kwana yana gudun ceton rai a bayan layi, Tampa ta yi musu 31 da 9 ko tacdawun ɗaya ba su ci ba. Wannan wasan nake ba kowane sabon mai kallo shawara ya nema. In ka gama ka ɗora da Bengals na kakar 2021, sun bar Sewell suka ɗauki Ja'Marr Chase a na biyar, kuma gsky ya kai su har Super Bowl, amma an kayar da kwatabak ɗinsu Joe Burrow sau 51 a kakar, sau 9 a wasa ɗaya da Titans, sau 7 a wasan ƙarshe, kuma Aaron Donald na Rams ne ya rufe wasan da ya cafko shi a yunƙurinsu na ƙarshe.

Ɗan Giants: Kar dai ku sa yaro ya ɗauka duk takul alheri ne, mu mun ɗauki Evan Neal na bakwai a 2022 ba mu ga komai ba, Greg Robinson na biyu a 2014 haka, Luke Joeckel haka. Ka duba ƙafarsa ba ƙarfinsa kaɗai ba.

Mai Lissafi: Gaskiya ne wannan. Kuma kar a manta layi biyu ne. Super Bowl ɗin da Hajiya ke taƙama da shi, wanda Eagles suka doke Chiefs 40 da 22, Saquon yadi 57 kawai ya yi a ɗauka 25, 'yan layin tsaro ne suka ci wasan, sun kayar da Mahomes sau shida ba tare da sun turo ƙarin mutane ba. In akwai mai farautar kwatabak na gaske a allonka, shi ma ya fi mai gudu a na biyar.

Autan Zaure: Babu, an ce masu kyan za su tafi kafin a zo kaina. Amma akwai abokina mai zaɓi na tara da ya mutu kan ranin bak ɗin nan, jiya ma sai da ya kira ni

Oga Admin: Ah to! Tun ɗazu ba ka faɗa ba? Duba ƙungiyoyin da ke na shida zuwa na takwas, in ba masu neman takul ba ne ka sauka zuwa na tara, ka karɓi zagayensa na biyu a kai, ka ɗauki takul ɗinka a can, gad a zagaye na biyu, mai gudu a na uku ko na huɗu. In kuwa akwai mai neman takul a tsakani kar ka motsa, ɗauke shi a na biyar kawai.

Baban Khalifa: Ni dai har yanzu in Barry Sanders ne a allon ɗaukarsa zan yi. Amma Auta in za ka sayar kar ka yarda da zagaye na biyu kaɗai, tunda shi ya fara kira ka ce ya ƙara da na huɗu.

Hajiyar Eagles: Kuma mai gudun da za ka ɗauka a baya ka duba ya iya kama ƙwallo ya iya tare mai kutse, in bai iya ba a yunƙuri na uku benci zai zauna.

Autan Zaure: Na gode manya, Allah ya bar zumunci. Na bakwai ɗin nan yana da matsalar takul shi ma, bari in turo muku hoton jerin 'yan wasansa ku duba min kafin in kira wancan