Yadda za a jawo ɗalibai zuwa kwas ɗin zane: abin da aka tattauna

Jama'a, ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar da aka yi kan yadda za a jawo ɗalibai zuwa kwas ɗin zane.

1. Kusan kowa ya yarda cewa iyaye za a fara shawo kansu. Tambayar uba ɗaya ce: in yaro ya gama, me zai ci? To a nuna masa amsar ido da ido: tambarin shago, kwalin magani, bangon littafi, zanen atamfar da ke rataye a Kantin Kwari. Duk wani ne ya zauna ya tsara su, kuma an biya shi.

2. Aikin ɗalibai shi ne tallan. Gajeren bidiyon hannu yana jan layi a takarda, har zanen ya hau yadi, ya fi hoton ginin makaranta tasiri.

3. A shiga makarantun sakandare tun kafin rajistar JAMB. Yara da yawa ba su san cewa a ABU Zariya ana karanta zanen yadi, ginin tukwane da sarrafa gilashi har digiri ba.

4. An rabu kan kafar talla. Matasa sun ce TikTok da WhatsApp, manya sun nace kan rediyo. A ganina rediyon ba abin yarwa ba ne, tunda can iyayen suke.

5. Batun zanen mai rai ma ya raba kawuna. Wasu sun ce a kauce masa, wasu suka ce a fito fili a bayyana cewa zayyanar allo, ɗinkin hula da adon bango duk zane ne.