Imuleta: wane suna za mu raɗa masa da Hausa?

Jama'a, ku zo ku taya ni. Jiya da la'asar a Samaru na tarar da ƙanina ya duƙufa kan wayarsa yana buga ƙwallo, wasan da asalinsa na PSP ne, 'yar na'urar nan ta Sony. Na ce, "Kai, yaushe ka sayi PSP?" Ya ce, "Yaya, PPSSPP ne, imuleta." Na ce to da Hausa fa? Ko ɗago kai bai yi ba. Ni ma dai ban da amsa.

Ga wanda bai sani ba, manhaja ce da ke sa waya ko kwamfuta ta riƙa aiki tamkar wata na'urar daban, har wasan da ba don ita aka yi ba ya hau kanta.

Abokina mai gyaran waya a PZ ya ce a kira shi "sojan gona". Na yi dariya sosai, amma ban karɓa ba. Sojan gona mayaudari ne, wato mun yanke hukunci tun ba a shiga kotu ba. Kuma nan ne rigimar take. Kamfanonin wasanni, musamman Nintendo, sun daɗe suna kukan cewa ta wannan ƙofa ɓarayi ke shiga. A 2024 Nintendo ta kai masu Yuzu, wani imuleta na na'urar wasanta Switch, ƙara a Amurka, ta ce an sauke wasanta Tears of the Kingdom fiye da sau miliyan 1 tun kafin ya fito kasuwa a 2023. Aka sasanta a kan dala miliyan 2.4, Yuzu ya rufe. Mu da muka ga yadda satar fasaha ta karya kasuwar faifan Kannywood ba za mu ce kukan banza ba ne. Shi kansa ƙanin nawa, ai ban tambaye shi inda ya samo wasan ba, don na san amsar.

Sai dai a 2000 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba kamfanin Connectix gaskiya a kan Sony, game da manhajarsa mai kunna wasannin PlayStation a kwamfuta. Ita ma Nintendo da irin wannan dabarar take kunna wa masu Switch tsofaffin wasanninta, tana karɓar kuɗi. To ta yaya za mu ce sojan gona? Satar tana da sunanta, satar fasaha. A bar mata kayanta. Don haka "jabu" ma na cire shi.

Wata malamata ta kawo "tafinta", tunda juya umarnin wata na'ura yake yi zuwa wanda taka ke ganewa. Wallahi ta burge ni. Amma Malama, a gafarce ni, tafinta ba ya shiga rigar mai magana, shi kuwa wannan har maɓallai da sauti yake ɗauka.

Sai "manhajar kwaikwayo". Ma'ana ta fita, amma ku gwada haɗa ta da wasa ku ji: wasan kwaikwayo. Nan take Bahaushe zai ɗauka dirama ake nufi.

Ni dai na tsaya a kan makwaikwayi, jam'i makwaikwaya, ƙirar maɗinki da marubuci. Bai zargi kowa ba, bai wanke kowa ba, aikin kawai ya faɗa. Masu cewa ya yi tsawo, ku ƙirga: ma-kwai-kwa-yi gaɓa huɗu, i-mu-le-ta gaɓa huɗu.

Na gwada shi a kan ƙanina da safe, ya yamutsa fuska ya ce sai ka ce darasin aji uku. Ɗazun nan kuma ga saƙonsa: "Yaya, makwaikwayin naka ya maƙale, a taimaka da data."