Gonar kakanmu ta zama fuloti, zaure ya kaure a kan kalma ɗaya

Sani Ɗan Rigasa: Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. Gonar kakanmu da ke bayan Rigasa, wadda muka tashi muna cin masararta da gyaɗarta, jiya na je na tarar an kakkafa duwatsu an yayyanka ta fuloti-fuloti. Kawunmu ne ya sayar, ko shawara babu. Har ɗorawar da ke tsakiya an kayar. In ka yi magana sai a ce maka ai jama'a ta yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan. Ƙarya ne. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta ƙasar noma da kiwo a duniya ta kai wajen hekta biliyan 4.8. A ciki kashi 1 cikin 3 kacal ake shukawa, sauran kashi 2 makiyaya ce, tana kwance a banza dabbobi na yawo a kai. Mu kuma ɗan abin da muke nomawa ana binne shi da bulo da siminti. In muka gama gine gonakin bakin gari, me jikokinmu za su ci?

Maman Hanan: Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka Sani. Kawu uba ne, a bi shi a hankali.

Bello Ladduga: Malam Sani, na taya ka jaje, amma ka janye kalmar nan. Banza? Ƙasar da ke ciyar da shanun da kake shan nononsu da fura, kake cin namansu ranar sallah, ita ce banza? Ka ɗauki buhun irinka ka tafi arewacin Tawa ko Agadas ka shuka mu gani. Ruwan da ke sauka can bai isa ya raya gero ba balle masara. Haka Mongoliya take, haka tsakiyar Ostareliya. Akasarin makiyayar da ka ƙirga ba ta nomuwa. Saniya da raƙumi da akuya ne ke mayar da ciyawar da ba ka iya ci ta zama abinci.

Sani Ɗan Rigasa: Bello ban ce ta banza ba. A banza na ce.

Bello Ladduga: Duk ɗaya ne.

Malam Ticha: Ba ɗaya ba ne, ranka ya daɗe. "Ta banza" zagi ne, abin ne ba shi da daraja. "A banza" kuwa abin na da amfani, ba a ci moriyarsa ba ne kawai. Shekarata 20 ina koyar da Hausa.

Bello Ladduga: To Malam, da wanne ya fi? Ya ce ba a cin moriyarta ke nan. Mu da muke kiwo a kanta ba mutane ba ne?

Malam Ticha: Ni nahawu na gyara, ban shiga shari'a ba.

Injiniya Musa: Ku tsaya mu yi magana da alƙaluma. In ka haɗa makiyaya da gonakin da ake noma abincin dabbobi, sun cinye fiye da kashi 3 cikin 4 na ƙasar noma da kiwo ta duniya. Amma kuzarin abincin da ɗan Adam ke samu daga nama da nono da ƙwai bai kai kashi 1 cikin 5 ba. Waken suyan duniya kuma, wajen kashi 3 cikin 4 dabbobi ke cinye shi. Saboda haka Sani bai yi ƙarya gaba ɗaya ba.

Bello Ladduga: Injiniya, waken suyan nan shanun wa suka ci? Kajin turawa da aladu ne a Sin da Turai. Shanunmu kara suke ci da harawa da dusa, abin da kuka gama da shi kuka zubar. Ko a nan Kaduna, masarar Saminaka da ake lodawa tirela-tirela ina take zuwa? Kamfanonin abincin kaji.

Hajiya Mai Kaji: Ahaf, na san za a zo kaina. Bello ka fita harkata. Ƙwan da 'ya'yanku ke ci da shayi daga sama yake faɗowa? Ni ma masarar nan da tsada nake sayen ta, har keji biyu na rufe.

Bello Ladduga: Hajiya ban kama suna ba.

Hajiya Mai Kaji: Mu nawa ne masu kaji a zauren nan?

Baba Manomi Soba: Ni tsoho ne, ban iya dogon rubutu ba, jikana ke buga min. Yaron nan Bello ya ce kara suke ci. Bara wakena suka ci, tun bai bushe ba. A da muna roƙon makiyayi ya zauna mana a gona bayan kaka, shanu su zuba taki, mu ba shi dawa. Yanzu kowa ya zama abin tsoron kowa.

Bello Ladduga: Baba, Allah ya ba da haƙuri, wanda ya yi maka haka bai kyauta ba. Amma a tambaya ina burtalin da kakanninmu ke bi? An nome shi. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Je ka duba nawa suka rage ba a shiga ba. Har mashaya an kewaye an dasa albasa. Saniya ba ta tashi sama.

Baba Manomi Soba: Ni ban nome burtalin kowa ba.

Alhaji Admin: Jama'a a kiyaye harshe. Ba ma son maganar ƙabila a nan. Wanda ya wuce gona da iri zan cire shi.

Ɗan Kano: Alhaji wace gonar kuma? Ai an yanka ta fuloti.

Malama Rahila: Ni abin da ke ba ni mamaki, kowa na kare nasa, ba wanda ya tuna da daji. Manomi ya ga daji ya ce ƙasa ce kwance a banza, ya yi sassabe. Mai shanu ya sassare rassa. Mai gawayi ya zo ya ƙarasa. Daga 1990 zuwa 2020 duniya ta yi asarar daji wajen hekta miliyan 420. Kuma Bello, kafin ka wanke shanu tas, babban abin da ake sare dajin Amazon na Barazil dominsa shi ne a yi wa shanu makiyaya. Mu dawo gida, wanda ya san gandun dajin Afaka shekarun baya ya bi ta Mando yau ya duba.

Bello Ladduga: Shanun Barazil na attajirai ne masu waya da shinge. Kar a haɗa ni da su.

Maman Hanan: Malama Rahila, maganar gawayin nan da ni kike? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, iskar gas ta fi ƙarfina. Yara 6 gare ni. Da me zan dafa musu, da alƙaluman Injiniya?

Malama Rahila: Yar'uwa ba da ke nake ba, ni ma da shi nake girki. Cittarmu ta Kachia da ciwo ya cinye a 2023 ta bar mutane da yawa ba abin yi, wasu gawayin suka koma. Na san zafin. Amma gaskiya gaskiya ce.

Alhaji Na Kasuwar Barci: Duk wannan surutu ne. Matsalarmu lalaci. Malesiya nan Najeriya suka zo suka ɗauki irin kwakwar manja, yau su ke sayar mana da manja.

Injiniya Musa: Alhaji wannan labarin an daɗe ana yawo da shi, amma bai tsaya da ƙafarsa ba. Asalin bishiyar ta Afirka ta Yamma ce, wannan haka ne. Sai dai tun 1848 Turawan Holan suka dasa ta a Bogor ta Indunusiya, kuma a 1917 aka buɗe gonar kasuwanci ta farko a Malesiya. Najeriya ko 'yanci ba ta samu ba. Yau su biyun ke samar da wajen kashi 85 cikin 100 na manjan duniya, kuma dazuzzukansu ne suka biya kuɗin.

Alhaji Na Kasuwar Barci: Yaro, kafin a haife ka na san wannan maganar. Kowa ya sani.

Injiniya Musa: Kowa wa? Kawo hujja.

Alhaji Na Kasuwar Barci: Kai ina taka?

Injiniya Musa: Na karanta.

Alhaji Na Kasuwar Barci: Ni kuma na ji da kunnena a rediyo.

Bazazzagi: Ku bar manja. Holan ɗin da Injiniya ya ambata, faɗinta wajen murabba'in kilomita 41,500 ne. Jihar Kaduna ta haura 46,000. Mun fi su ƙasa, amma suna sahun gaba a duniya wajen fitar da kayan gona. Manomin Amurka na samun wajen tan 11 na masara a hekta, buhu 110 ke nan. Namu tan 2 da ƙyar. Ashe ba faɗin gona ba ne, abin da ke fita daga cikinta ne. Ga cibiyar binciken noma a Samaru tun 1922 tana fitar da iri, mutum nawa a zauren nan ya taɓa zuwa ya tambaya?

Ɗan Kano: An zo wurin. Bazazzagi ba ya magana uku bai sako Samaru ba. Shekara 100 kuna bincike, mu a Kadawa muna noman tumatir da shinkafa rani da damina.

Bazazzagi: Da irin wa kuke shukawa, bawana?

Ɗan Kano: Wa ye bawan wani tsakanin Bakano da Bazazzagi? A tambayi tarihi.

Injiniya Musa: Kuma lissafin Holan ɗin a yi hattara. Da kuɗi ake auna shi, ba da buhu ba. Akwai furanni a ciki, akwai kayan wasu ƙasashe da ke shigowa ta tashar Rotadam a sake fitar da su.

Bazazzagi: Kai dai ba a faɗin abu ka bar shi.

Ɗan Maraɗi: Ni ɗorawar da Sani ya ce an kayar ce ta tsaya min a rai. A wajenmu, bayan farin shekarun 1980, manoma suka daina tumɓuke kututture in suna sharar gona. Sai su zaɓi tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi su bari, su datse saura. Ba dashe, ba ban ruwa. Ta haka ƙasa wajen hekta miliyan 5 ta sake yin itatuwa a kudancin Nijar. Gawo ma da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, sai taki. Da rani shanu su ci 'ya'yansa su bar kashi a gindinsa. Gona ɗaya, manomi ya ci, makiyayi ya ci, uwargida ta samu itace.

Bello Ladduga: Har yanzu dai Sani bai janye kalmarsa ba.

Sani Ɗan Rigasa: Wallahi Bello ka ishe ni. Ni maganar gonar kakana nake yi.

Barista: Sani, ta fuskar doka, tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, kai haƙƙin zama da amfani gare ka. Amma in gonar gado ce ba a raba ba, kawunku ba shi da ikon sayar da rabon wasu. Ka same ni ta gefe.

Malam Ticha: Barista "ta gefe" ɗin nan da kuɗi ne ko a banza?

Bello Ladduga: Kun ji ko? Ga Malam da kansa ya nuna "a banza" na nufin abin da ba a biya ba. Wato mu muna cin ƙasa kyauta ke nan. Jangalin da kakanninmu suka yi ta biya fa?

Malam Ticha: Inna lillahi. Wannan ma'ana ta uku ce.

Alhaji Admin: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita mu rufe. Na farko, an yi ittifaƙi cewa kalmar da Sani ya yi amfani da ita ba ta dace ba, kuma fushi ne ya sa shi. Na biyu, bayanan masana irin su Injiniya da Bazazzagi sun tabbatar ba ƙarancin ƙasa ke damunmu ba, rashin taki da iri mai kyau ne. In manomi zai ninka abin da yake samu, rabin gonarsa ma ta ishe shi. Na uku, masu cinye ƙasa a duniya an gan su: kiwo, abincin kaji, gawayi da manja. Ni ma in ƙara da nawa, duk gidaje da tituna da biranen duniya ba su wuce wajen kashi 1 cikin 100 na ƙasar da ake iya zama a kanta ba. Saboda haka ɗora wa fuloti laifin yunwa zalunci ne. Jama'a na ƙaruwa, dole a yi gini, kuma duk tsawon muhawarar nan ban ga wanda ya ce sayar da fili haramun ne ba. Sani ya je ya ba kawunsa haƙuri. An rufe.

Malama Rahila: Alhaji wane ittifaƙi? Ni ban ce haka ba. Kuma kashi 1 ɗin nan ai ba a kan fako ake gina shi ba, fadama da gonakin bakin gari masu kyau yake ci. Dubi bakin kogin Kaduna.

Injiniya Musa: Ni ma ban ce rabin gona ta isa ba.

Hajiya Mai Kaji: A cire kaji daga lissafin nan.

Sani Ɗan Rigasa: Alhaji, tsakaninka da Allah, allon da na gani an kafa a bakin gonar, lambar wayar da ke jiki ba ta yaron ofishinka ba ce?

Alhaji Admin: Na ce an rufe.

Ɗan Kano: Alhaji kafin ka rufe, na bakin hanyar nawa ne? Ƙanena ke tambaya.