Kawu ya ce araha ba ta ado, shin PostgreSQL zai iya riƙe mana hisabin kargo?

Ɗan_Bab_Makka:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, ya zafi ya hidima. Dan Allah masana kwamfuta ku ba ni shawara. A wajen kawuna nake aiki nan Jidda, kargo muke yi, alhazai da masu umra su kawo kaya mu auna mu tura musu Kano ko Yamai, ga ɗan shago na abaya da turare da dabino, sai reshe ɗaya a Makka. Duk hisabinmu a Excel yake, fayil ɗaya a nan ɗaya a can, da daddare su turo min nasu ta WhatsApp in zauna in haɗa. In kasuwa ta lafa ba komai, amma umrar azumi da bayan Arfa wallahi abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ka ga lambar kaya ɗaya an ba mutum biyu, ko Hajiya ta biya a Makka ta zo Jidda a ce mata ba ta biya ba a yi ta rantse-rantse, ga sunaye kuma wani ya rubuta Muhammad wani Mohammed wani ya rubuta da Larabci alhali duk mutum ɗaya ne.

Mun sami wani yaro mai rubuta manhaja yace zai gina mana tsari a kan PostgreSQL, wai shi rumbun bayanan kyauta ne kuɗin aikinsa kawai za a ba shi. To nan kawu ya tirje, yace araha ba ta ado, abin da ba ka biya ba in ya lalace wa za ka kama, shi dai ya ji bankuna Oracle suke amfani da shi a sayo wannan. Shin da gaske abin kyautan nan zai riƙe kuɗin mutane? Ko dai kawu na da gaskiya?

Injiniya_Riyad:

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka gaida kawu, tambayarsa ta ɗan kasuwa ce kuma tana kan hanya, sai dai PostgreSQL ba wani abin ɗalibai ba ne da aka haɗa jiya. A jami'ar Kalifoniya ta Bakli a Amurka aka fara shi a 1986 ƙarƙashin Michael Stonebraker, mutumin da ya ci lambar Turing ta 2014 saboda aikinsa kan rumbunan bayanai, sunan da muke kira yanzu kuma tun 1996 yake. Babu kamfani ɗaya da ya mallake shi, injiniyoyi ne daga kamfanoni daban-daban na duniya suke haɗuwa a kansa, duk shekara ana fitar da sabo wajajen Satumba ko Oktoba kuma kowanne ana bin sa da gyara har shekara 5. Lasisinsa ya yarda ka yi kasuwanci da shi, ka sa a kwamfuta ɗaya ko ɗari, ba wanda zai zo ya ƙirga maka ya ce ka ƙaro kuɗi. Oracle kuwa bugu mai cikakken ƙarfi ana lissafa kuɗinsa ne da yawan furosesa ko yawan masu amfani, ga kuɗin kulawa duk shekara, shagon abaya da kargo ina zai kai wannan.

Amma ni ba kyautar ce ta sa nake son sa ba. Abin da ya sa shi ne yana da taurin kai wajen ƙin karɓar shirme, kuma ku abin da kuke buƙata kenan. Duba matsalolinka. Lambar kaya ɗaya ga mutum biyu: a tebur ɗin kaya sai a sa sharaɗin UNIQUE a kan lambar, shi kenan, ko mutum biyu sun danna a daƙiƙa ɗaya ɗaya a Makka ɗaya a Jidda, na biyun za a ƙi shi. Excel ba ruwansa, duk abin da ka rubuta amin ne. Haka za a ɗaure tebur ɗin biyan kuɗi da na kaya yadda ba za a iya rubuta an biya wa kayan da babu su ba, a kuma hana nauyi ya zama sifili ko ƙasa da haka.

Sai babban, wanda muke ce wa taransakshan. In Hajiya ta biya riyal 400 abu uku ne ya kamata su faru, a rubuta kuɗin sun shiga, a rage bashinta, a fitar da fatura. To ko dai ukun su shiga gaba ɗaya ko kuma kada ko ɗaya ya shiga, babu rabi da rabi, ko da intanet ta yanke ko kwamfuta ta mutu ana tsakiya. Kuma mai duba rahoto ba ya tare mai rubutawa, wato kai kana iya fitar da lissafin wata kawu na kallo yaran kanta na ci gaba da shigar da kaya.

Abu ɗaya ka gaya wa yaron naku daga bakina, kuɗi a NUMERIC zai ajiye su, wato nau'in lambar da ke riƙe adadi daidai, kada ya kuskura ya sa su a FLOAT mai kintace. A FLOAT in ka haɗa 0.1 da 0.2 amsar 0.30000000000000004 take fitowa, halala, wato kwabon riyal, ɗaya ɗaya ke zamewa har ƙarshen wata a rasa inda hisabi ya karkace. In ya yi maka gardama a wannan to ka nemi wani.

Ummu_Aziziyya:

Injiniya ya gama magana a fanninsa, ni bari in shigo ta ɓangaren hisabi tunda shi nake yi wa shaguna a nan Makka. Ɗana, rumbun bayanai daban fatura daban, kada yaron nan ya ce maka da an sa PostgreSQL an gama da ZATCA, hukumar harajin Saudiyya. Tun 4 ga Disamba 2021 aka daina karɓar faturar hannu daga masu rajistar haraji, mataki na biyu kuma ya fara 1 ga Janairu 2023 rukuni-rukuni gwargwadon cinikin mutum, a nan sai manhajarka ta haɗu da dandalinsu na fatura mai suna Fatoora, fatura ta fita a tsarin XML da lambar QR da hatimin lantarki. Wannan aiki ne babba yaani, ba na sati ɗaya ba. Ka tambaye shi ya taɓa yi? In bai taɓa ba ku duba Odoo, shiryayyen tsarin hisabin kasuwanci ne, shi ma a kan PostgreSQL yake zaune kuma yana da ɓangaren Saudiyya, sai yaron ya ƙara muku abin kargo a kai maimakon ya faro daga tushe.

Sannan kada ya kafe 15% na harajin VAT a cikin manhaja kamar ba zai taɓa canzawa ba. Da 5% aka fara a Janairun 2018, a Yulin 2020 ya koma 15%, waɗanda suka kafe adadin sun sha wuya lokacin. Kowane layi na fatura ya riƙe adadin harajin da aka caje shi ranar. Ku ma abu biyu kuke yi, cinikin shago da jigilar kaya zuwa waje, kuma hukuncinsu a haraji ba ɗaya ba ne, ku zauna da muhasibinku ya rarrabe muku tun kafin a zana tebur. Bayanan kuma aƙalla shekara 6 ake so a ajiye, to fayil ɗin da ke yawo a WhatsApp ba ajiya ba ce.

Kwanan wata kuma a ajiye da miladiyya a nuna hijiriyya a fuska kawai, don kawu na san da Zulhajji yake lissafi ba da Yuni ba.

Abu_Sabil:

Ni fa ban ga abin da zai kai ku PostgreSQL ba, kun cika son manyan kaya. MySQL ko MariaDB, su ma rumbunan bayanai ne, sun ishe shi, duk wani hostin mai araha da su yake zuwa, WordPress a kansu yake, ERPNext, ɗan'uwan Odoo, ma a kan MariaDB yake, kuma in yaron nan ya samu aiki ya tafi gobe ka fi saurin samun wanda ya iya MySQL. Duk abin da Injiniya ya lissafa na taransakshan da UNIQUE akwai su a can. Kuma ka gaya wa kawu in Oracle yake so ai MySQL na Oracle ne hhhh, kamfanin Sun ya saye shi a 2008 kan kusan dala biliyan ɗaya, Oracle ta haɗiye Sun a 2010, ya samu sunan da yake so ba tare da ya biya ba.

Injiniya_Riyad:

Abu Sabil ba ka yi ƙarya ba, MariaDB zai yi aikin, ba zan ce a'a ba. Amma labarin da ka bayar ai shi ne hujjata, saboda tsoron wannan cinikin ne Monty Widenius da ya ƙirƙiro MySQL ya ɓalle ya yi MariaDB a 2009. PostgreSQL ba shi da mai shi balle a saye shi. Kuma maganar rashin waɗanda suka iya ta kwana biyu, yanzu yawancin yaran da ke koyon rubuta manhaja da Django ko Node da shi suke tasowa.

Na manta batun sunaye. Akwai wani ƙari da yake zuwa da shi, pg_trgm, yana yanka suna harafi uku-uku ya auna kamanni, sai ka rubuta Abdullahi ya kawo maka Abdullah da Abdulahi a jere ka zaɓa. Amma ba zai haɗa maka rubutun boko da na Larabci ba, don haka suna kada ya zama shi ne shaida, lambar fasfo ko iƙama ita ce shaida, suna a ba shi gida biyu ɗaya boko ɗaya Larabci, a buɗe rumbun da UTF-8 tun farko yadda ƙ da ɗ da ɓ namu ma za su zauna lafiya. Tunda kuma za ku riƙe fasfo da lambar wayar mutane ku tuna akwai dokar kare bayanan mutum da ta fara aiki a Satumban 2023, hukumar bayanai ta Saudiyya, SDAIA, ke kula da ita. Kowane ma'aikaci a ba shi nasa izinin, yaron awo ba shi da dalilin ganin ribar kawu ko goge fatura, PostgreSQL har layi-layi yana iya tsarewa, na Makka ya ga na Makka kawai.

Fellati_Gadarif:

Salam yan uwa. Ni daga Sudan nake, kafin yaƙin nan ya tashi a Afrilun 2023 ina kula da tsarin wani ɗan kasuwar riɗi da dawa, kuma PostgreSQL ne. Ku a Saudiyya ba ku san ɗauke wuta ba, mu kuwa ana cikin aiki sai ɗif. Abin da na gani da idona shi ne duk sanda wuta ta dawo yana tashi ya gyara kansa, saboda kafin ya taɓa ainihin bayanan yana fara rubuta abin da zai yi a wani kundi da ake kira WAL, kamar yadda mai shago ke rubuta ciniki a ƙaramin littafi kafin dare ya juye a babba, to in ya farfaɗo sai ya bi kundin ya ƙarasa waɗanda aka tabbatar ya watsar da waɗanda ba su kammala ba.

Amma ya akhi wannan ba zai cece ka ba in diski ya ƙone ko an ɗauke kwamfutar ɗungurungum, mu nan mun ga shaguna da ofisoshi da aka kwashe komai. Wanda ya tsira da hisabinsa shi ne wanda ke da kwafi a wani gari. Don haka amsar tambayar kawu ta wa za a kama, ita ce ku kama kanku tun yanzu. pg_dump, wato manhajar da ke ɗaukar kwafin rumbun, ya riƙa gudu kowane dare da kansa, kwafin ya tafi wani wuri ba cikin wannan kwamfutar ba, kuma lokaci-lokaci ku sa yaron ya dawo da kwafin a wata kwamfuta a gabanku ku ga faturar jiya da idonku, don akwai masu tara bakof shekara guda ranar buƙata a buɗe a tarar fanko ne. Kalmar sirri ta babban mai izini da asusun sabar, wato kwamfutar da rumbun zai zauna a kai, su kasance da sunan kawu ba sunan yaron ba, ba wai zargi ba, mutum yana tafiya yana rashin lafiya. Kuɗin da ba ku ba Oracle ba ku ware wani abu a ciki ku riƙa biyan mai kulawa duk wata, in kuma kawu takarda da hatimi yake so akwai kamfanoni irin EDB da sana'arsu kenan sayar da tallafin PostgreSQL da kwantiragi.

Ɗan_Bab_Makka:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Allah ya kawo muku zaman lafiya Malam na Gadarif. Na karanta wa kawu duka bayan isha, maganar Abu Sabil ta ba shi dariya, ta Umma kuma ta sa ya kira muhasib nan take. Ya yarda a gwada amma yace ba za a taɓa komai ba sai alhazai sun watse, a Muharram a fara, Excel kuma ya ci gaba a gefe har ya ga hisabin biyun sun zo ɗaya. Saura abu ɗaya, sabar a ofishinmu za a ajiye ko a haya a intanet? Don in a Jidda take intanet ɗinmu ta yanke ai 'yan Makka sun tsaya.

Injiniya_Riyad:

Ku yi haya, kada ku ajiye a ƙarƙashin teburin ofis kusa da buhunan dabino. Ku nemi wadda ke cikin Mamlaka, wato nan Saudiyya, saboda bayanan fasfo ɗin nan, Google Cloud na da cibiya a Dammam, Oracle ma na da tata a nan Jidda kuma suna bayar da hayar PostgreSQL ɗin, ka ga kawu ya samu Oracle ɗinsa ta bayan gida. Ƙaramar saba ta ishe ku, kowane reshe kuma a sa masa layin waya na biyu a rauta saboda ranar da babban ya yanke. Ka turo min zanen teburan da yaron ya yi kafin ya fara rubutu in duba muku.