Saƙa uku a cikin jaka, ga jarrabawa saura mako 5

Mai Kwarashi:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan'uwa waɗanda suka taɓa haɗa saƙa da karatu. Na koyi saƙa ne a wurin gwaggona lokacin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i (ASUU) na 2022, wanda ya zaunar da mu a gida daga Fabrairu har Oktoba, kuma tun daga nan hannuna bai rabu da kwarashi ba. Yanzu ina ajin ƙarshe, jarrabawa saura mako 5, ga kuma malamin da ke duba kundin bincikena yana jiran babi na uku. A ƙarƙashin gadona akwai jaka ɗauke da ayyuka uku da ban gama ba: rigar sanyin ƙanena wadda saura hannu ɗaya, da mayafin jariri da na kai rabi, da kuma hula da safa waɗanda maƙwabciyarmu ta ba ni kafin alƙalami a kansu, ga shi watan haihuwarta ya kama. Idan na zauna karatu hankalina yana kan jakar, idan kuma na ɗauki ulu sai zuciyata ta hana ni sakat. Ta ina zan fara?

Uwar Masaƙa:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ayyukan nan uku ba nauyinsu ɗaya ba, domin guda ɗaya ne kaɗai yake da kuɗin mutane a kansa, kuma ranar suna ba ta jiran kowa; da an haihu, kwana bakwai ne ya rage miki. Hula da safa na jariri ba sa cin ulu da yawa, kuma hannun da ya saba zai gama su a yammaci biyu ko uku. Ki ware Asabar da Lahadin nan ki sauke wannan amana, ki aika wa mai ita tun kafin ta tambaya.

Sauran biyun ki ɗaure su, amma ba ɗaurin mantuwa ba. Ki rubuta a takarda layin da kika tsaya da lambar kwarashin da kike amfani da shi, ki zura fil a madaukin ƙarshe don kada saƙar ta warware, sannan ki adana takardar da ke naɗe a jikin ƙullin ulun. Na taɓa ajiye mayafi wata huɗu, da na koma kasuwar Sabon Gari neman ƙarin ulu sai na samo shuɗi mai kama da nawa, amma da na haɗa su a hasken rana bambancin ya fito ƙarara, saboda ba rini ɗaya ba ne. Idan kin san ulunki ba zai isa ba, ki sayi cikon tun yanzu.

Ɗalibar Jinya:
Anti ta faɗi gaskiya game da amanar, sai dai ni ban goyi bayan a ɗaure komai ba. Lokacin jarrabawarmu, rabin awar da nake yi ina saƙa bayan sallar Isha ita ce take sauke mini gajiyar kai kafin na koma kan littafi. Sharaɗin shi ne aikin ya kasance wanda ba ya buƙatar ƙidaya. Mayafin zai yi, tunda layi ɗaya ake ta maimaitawa, amma hannun riga yana buƙatar a riƙa rage idanun saƙa daidai da na ɗaya hannun, kuma wanda kansa ya cika da karatu zai yi kuskure ya koma warwara. Ki saita ƙararrawar waya, 'yar'uwa, domin "bari in ƙara layi ɗaya" shi ne yake kai mutum sha biyun dare.

Mai Kwarashi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fara safar tun daren jiya, kuma na kira ƙanena na gaya masa rigarsa sai bayan jarrabawa. Bai ji daɗi ba, domin hunturu ya riga ya shigo, amma ya ce zai lallaɓa da ta bara. Yau da safe wata a ɗakinmu ta kawo mini ulu tana son hula, na ba ta haƙuri na mayar mata da abinta.