Wata 7 ina koyon Jamusanci a waya amma bakina ya ƙi buɗewa

Maman_Ilham:
Salam jama'a, dan Allah masu koyon Jamusanci ku zo ku ba ni shawara. Ni nas ce a wani asibiti nan cikin Kaduna, na fara koyo da wata manhaja tun bayan ƙaramar sallah, kullum sai na yi, ko a keke daga Unguwar Rimi zuwa wajen aiki ina latsawa, ban taɓa tsallake rana ba. Kalmomi kam na tara, in na ga rubutu ina gane rabi. To jiya wata Bajamushiya da muka haɗu a wajen musayar harshe ta kira ni, tana cewa Wie war dein Tag, wato ya yininki ya kasance, wlh sai kaina ya ɗauke kamar an ɗauke wuta, ja ja (wato eh eh) kawai nake ta cewa har ta gaji ta koma Turanci. Na ji kunya ba kaɗan ba. Kuma wannan der die das ɗin da ake sa wa gaban suna don nuna jinsinsa ya ishe ni. Shin manhaja kaɗai za ta kai ni B2, mataki na huɗu na iya harshe bayan A1, A2 da B1, ko ɓata data nake?

Abban_Tudunwada:
Wa alaikissalam Maman Ilham. Ba ɓata data kike ba, amma gaskiya ɗaya ce, abin da kika koya shi ne gane kalma in an nuna miki, manhaja ta ba ki amsa huɗu ki zaɓi ɗaya. Shi kuwa mutum in ya tambaye ki ba ya ba ki zaɓi, daga cikinki za ki zaƙulo. Ni ma haka na yi shekara guda kafin na farga.

Abin da ya taimake ni, na sauke AnkiDroid, manhajar katin haddar kalmomi, kyauta ne a Android kuma ba ya buƙatar data, na riƙa rubuta katina da kaina, gaba Hausa baya Jamusanci, ba akasin haka ba. In na ga "ina jin yunwa" dole in furta Ich habe Hunger da baki kafin in juya katin. Shi zai riƙa dawo miki da wanda kike mantawa akai-akai, wanda ya zauna kuma ya ɗaga shi zuwa sati ko wata. Sannan kar ki sake haddace suna shi tsirara, ba Tisch (tebur) ba, der Tisch, ba Tür (ƙofa) ba, die Tür, ki ɗauka sunan kenan gaba ɗaya. Ai mu ma a Hausa muna da shi, mota ta zo, jirgi ya zo, wa ya taɓa zaunar da ke ya ce mota mace ce? Su dai sun ƙara na uku ne, das, wanda ba namiji ba mace ba. Akwai 'yar dabara ma, yawancin kalmar da ta ƙare da -ung, -heit ko -keit die ce, mai -chen kuma das, shi ya sa yarinya take das Mädchen, abin da ya fi ba ni dariya kenan a harshen nan.

Na biyu ki nemi Nicos Weg na DW, wato su Muryar Jamus ɗin nan da iyayenmu ke saurara a rediyo tun 1963. Kyauta ne daga A1 har B1, gajerun bidiyo ne na wani saurayi ɗan Sifen da ya sauka Jamus jakarsa ta ɓace. Ki kalla, ki tsayar, ki maimaita da ƙarfi yadda suka faɗa. Matata har ta fara zargin ko na samu matsala don a banɗaki ma magana nake ni kaɗai.

Na rubuta jarrabawar B1 a Goethe, cibiyar koyar da Jamusanci da ke Legas. Kashi huɗu ne, karatu, sauraro, rubutu, magana, kowanne sai kin ci 60 cikin 100, wanda kika faɗi shi kaɗai za ki sake. A na magana haɗa ki za a yi da wani ɗalibi a ce ku tsara abu tare, misali ziyarar aboki a asibiti, babu maɓallin da za ki danna a wajen.

Malam_na_Kawo:
Baiwar Allah, in kin yi Islamiyya to kin riga kin yi rabin tafiyar ba ki sani ba. 21 a wajensu einundzwanzig ne, ɗaya da ashirin, sak wahidun wa ishruna. Ch na cikin Buch da Nacht ai kha'un ce, r ɗinsu ma kusa take da gainun. Sauyawar der zuwa den da dem kuwa ki tuna li'irabi, rafa'u da nasabu da jarru, aikin kalma a jimla shi ke canza mata alama. Ba daidai suke ɗari bisa ɗari ba amma in kin kalle shi ta nan tsoron zai ragu. Inda ni na sha wuya ü da ö ne, schon da schön, ɗaya "riga" ɗaya "kyakkyawa", sai na tsaya gaban madubi na turo baki kamar zan hura wuta.

Sadiq_Rigasa:
Hhhh ni dai weil, wato "saboda", ce ta kore ni, a ce sai ka ajiye aikatau can ƙarshen jimla kamar fasinjan da aka manta a tasha. Allah ya ba ku sa'a, na koma sayar da wayoyina.

Anti_Barnawa:
Ƙanwata ni ma nas ce, yanzu ina aiki a kudancin Jamus, bari in gaya miki abin da na gani da idona. B2 ake nema kafin a amince da takardunki na aikin jinya, kuma ko da satifiket ɗin a hannu watan farko kuka na riƙa yi, saboda tsofaffin da muke kula da su da yawa karin harshen yankinsu suke yi, ba irin muryar nan mai tsabta ta cikin waya ba. Ranar da aka ce min halb acht na ɗauka takwas da rabi ne ashe bakwai da rabi ake nufi, su rabin da ya rage zuwa takwas suke ƙirgawa, ki duba in da lokacin allura ne fa.

Ki fara magana yau, kar ki jira sai kin iya. Ita wannan Bajamushiyar kar ki guje ta, ki ce mata saƙon murya za ku riƙa yi tukuna, na minti ɗaya, kin ga kina da damar tunani ki goge ki sake. Ki haddace Können Sie bitte langsamer sprechen (dan Allah a yi magana a hankali) da Wie bitte (me aka ce?), su biyun nan sun fi miki kalma ɗari. Kuma ki roƙe ta kar ta koma Turanci, don suna da saurin yin haka da sun ga kin yi jim. Lokacinmu ɗaya da Najeriya in sanyi ya shigo, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba ne muke gaba da awa guda, don haka bayan isha'i ya yi daidai.

Sai ki mayar da aikinki makaranta. Kina auna jinin mara lafiya ki ce a ranki der Blutdruck, kina ɗaukar sirinji die Spritze, ki tambayi kanki Haben Sie Schmerzen, wato kuna jin ciwo? Ki lura da Sie ɗin nan, kamar yadda muke ce wa manya "ku" ne, kar ki kuskura ki ce wa tsohuwa du, wato "ke". In kin kai A2 kuma ki nemi aji mai malami ko ta intanet ne, rubutun wasiƙa sai da mai gyara.

Maman_Ilham:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam wlh ban taɓa haɗa shi da nahawu ba sai yanzu. Anti na tura mata saƙon murya ɗazu, sau shida ina gogewa, ta dawo min da gyara uku duk na der die das ne. In akwai 'yan Kaduna mata masu koyo ku yi magana mu riƙa haɗuwa ran Asabar da la'asar, ni dai falona ya ɗauki mutum biyar.